Tsohuwar Akori-Kura: Yadda A Ke Ta Da Injin Da Ya Cije

Da wuya mutum ya ratsa babban ƙauye a ƙasar Kano ko Zazzau ko Katsina, har ya ƙetare zuwa Maraɗi, bai ga wata tsohuwar mota ta durƙusa a gindin darbejiya ko a bayan rumbu ba. Tayoyi sun sace, kaji sun mai da mazaunin direba akurki, zanzaro ya yi gini cikin salansa. In aka tambayi mai ita, sai ya ce, "Ai inji ya cije." Shi ke nan magana ta ƙare, sai jiran ranar da 'yan gwangwan za su zo da sikeli su saye ta a kan nauyin ƙarfe. Alhali kuwa da yawa daga cikin injunan nan ba su mutu ba. Abin da ya kan ƙarasa su shi ne ranar da aka taru aka ce za a ta da su da ƙarfin tsiya.

Cikin motocin da a ke gani haka, babu wadda manoma suka sani kamar Peugeot 404, wadda a ke kira Fijo. An fara yin ta a Faransa cikin 1960, ta akori-kura kuwa ta biyo baya a 1967. Sau huɗu ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka, a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, a kan hanyoyi masu taɓo da duwatsu. Da aka buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kaduna cikin 1975, tana cikin waɗanda aka fara haɗawa. A Kenya an ci gaba da haɗa ta har 1991. Watau ko autarsu a yau ta haura shekara 30.

Ga yadda al'amarin ya kasance ga wani manomin masara a ƙasar Zazzau. Ya gaji irin wannan akori-kura daga mahaifinsa, ta yi damina shida a tsaye. Garinsu nesa ya ke da kwalta. Kowace kaka dillalai su kan zo da motarsu har bakin gona, su ne masu motar, su ne kuma masu yanka farashi. Mai son ya kai kayansa kasuwa da kansa sai ya yi haya, hayar mota kuwa da kaka sai abin da direba ya faɗa. Da ya gama noman firi, sai ya ƙudura lalle motar nan ta tashi kafin a karya masara. Samarin unguwa suka ba shi shawara a ɗaura ta a tarakta, a ja ta da gudu cikin giya, a saki kuloci. Har an kawo sarƙa, sai ya ga gara ya aika a ɗauko wani tsohon bakanike daga birni, wanda ya yi ƙuruciyarsa a kan Fijo.

Ya ce, "Baba, yara sun ce in aka ja ta za ta ware."

Tsoho ya ce, "Alhaji, za ta ware kam, amma ba inda ka ke so ba. Kafin a taɓa kome, gaya mini, da ƙafarta ta zo nan ta tsaya, ko jawo ta aka yi?"

Manomi ya ce da ƙafarta ta zo. Mahaifinsa ne ya dawo daga kasuwa ya kashe ta, ciwo ya kwantar da shi, ba wanda ya sāke ta da ita.

Ciwo biyu, suna ɗaya

Tambayar nan ita ce rabin aikin, domin kamewar inji iri biyu ce. Ta farko ita ce ta injin da ya kafe yana cikin aiki, sabo da baƙin mai ya ƙare, ko ruwan lagireto ya tsiyaye direba bai kula ba. Wannan shi ne a ke cewa inji ya buga. Zafi ya kan sa fistin, wanda na alminiyam ne, ya kumbura ya fi ramin da ya ke ciki, har ya narke ya manne da bango. Ko kuwa metal, watau ɓawon nan mai laushi da karanshaf ya ke juyawa a cikinsa, ya narke ya liƙe. Irin wannan ko an jiƙa shi shekara guda ba zai amfana ba, sai a sauke shi a canja abin da ya ƙone.

Ta biyu ita ce ta zama. Inji mai silinda huɗu duk inda ya tsaya, akwai bawul da ya rage a buɗe. Ta nan iskar damina ta kan shiga, ta salansa ko ta kafireto, ta kwana ta zama raɓa a bangon silinda. Ringi ƙarfe ne, bango ƙarfe ne, man da ke tsakaninsu kuwa ya daɗe da tsiyayewa. Sai tsatsa ta kama. Ita tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci ɗaukar wuri, don haka sai ta cika ɗan tsakanin da ke nan, ta tsuke fistin kamar taɓarya da ta kumbura cikin turmi. Wannan yana da magani, maganin kuwa ba tsada, sai dai cin lokaci.

Dalilin da ya sa ja da tarakta ya ke ɓarna a fili ya ke. Ƙarfin tarakta ya kan bi ta tayoyi da giya ya faɗa a kan fistin guda da ya ƙi motsi. Dole wani abu ya ba da kai. Ko konrod, hannun da ke haɗa fistin da karanshaf, ya tanƙware, ko ringi ya karye ya tsaga bango, ko kuwa bawul da ya maƙale ya lanƙwasa sandar da ke tura shi. In aka yi rashin sa'a konrod ya ɓalle, ya kan huda gangar injin, watau bulok. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Tsohon bai gaskata maganar cijewa ba sai da ya bincika. Ya fid da giya. Ya cire fambel, don famfon ruwa ko janareto in sun kafe su kan riƙe inji. Ya kwance sitata, don haƙorinta ya kan maƙale a filawil. Ya cire fulogi huɗun, don silinda in ta cika da ruwa ba ta barin fistin ya hau. Mota nawa aka sayar a banza a kan ɗaya daga cikin waɗannan! Duk da haka inji ya ƙi. Sa'an nan ya sa tasa a ƙasa ya kwance notin kwanon baƙin mai a hankali. Ruwa ya fi mai nauyi, in yana ciki shi ke fara fita. Kamar rabin kofi ya zubo, sa'an nan mai. Ya shafa man a tafin hannu ya duba a rana. Da ya ga ƙyalli irin na garin ƙarfe, da ya san metal ya tafi. Bai gani ba. Ya buɗe murfin bisa ya bi bawul takwas ɗaya ɗaya yana dannawa da ƙotar guduma. Bakwai suka sauka suka komo, guda ya ƙi sai da aka ɗiga masa kananzir aka yi ta lallashi.

Jiƙo

Sai jiƙo. Ya haɗa kananzir da man gas da ɗan baƙin mai, ya ɗura ta ramin fulogi. Waɗansu su kan yi da man giya na mota mai canja giya da kanta, yana da kyau ƙwarai. Man birki kuwa yana cin fenti, fetur yana da haɗarin wuta, kuma ya kan bushe kafin ya yi aiki. A nan akwai abin da ba kowa ya sani ba game da 404. Injinta ba a tsaye ya ke ba, a kishingiɗe ya ke, an karkata shi digiri 45. In aka zuba cokali biyu kawai, sai man ya taru a gefen ƙasa, gefen bisa na fistin ya zauna a bushe. Sai an cika silinda har baki tukuna jiƙon ya ke kewaye ringi duka.

Da gari ya waye aka leƙa. Silinda biyu sun shanye nasu ya sauka ƙasa, alamar ringinsu ba su liƙe ba. Biyu kuwa suna nan cike. Su ne masu laifin. Tsoho ya koma birni, ya bar wa manomi aiki: kowace safiya ya ƙara mai inda ya ragu, ya sa mota a giya ta huɗu, shi da yaro guda su tura ta gaba kaɗan, su komo da ita baya kaɗan, kamar mai girgiza jariri. Fulogi a cire, batir a ajiye nesa, kada wani mai karambani ya murɗa makulli. Ya yi da alli ya ja layi a kan fulin gaban inji da jikin bulok, don ko motsin bai kai kaurin farce ba a gani.

Mako guda ba labari. Samari suna wucewa suna dariya, suna cewa Alhaji ya koma yi wa mota wankan jego. Cikin mako na biyu silinda ta uku ta fara shan mai. Ta huɗu kuwa, wadda ruwa ya kwana a cikinta, ta ƙi sam. Sau da yawa a daidai nan layin alli ya kan goce, inji ya motsa kaɗan. In haka ta faru, ba a zarcewa. A kan komo da shi baya, a ƙara mai, a sāke gaba, kullum ana ƙara tazara har ya kewayo sau guda. Amma wannan bai goce ba, har aka shiga mako na uku. Tsoho ya dawo ya ce a sauke inji.

A nan ne 404 ta ke da wata falala. A injuna da yawa ramin silinda a jikin bulok aka fafe shi, in ya lalace sai an kai bulok ɗungum wurin masu injin fafa. A 404 kuwa kowace silinda bututu ce mai zaman kanta, kanikawa suna ce mata silif. Guda huɗu ne a jere cikin bulok kamar turame marasa gindi, ruwan lagireto yana kewaye da su, faɗin bakin kowace milimita 84. Ana iya zare su a sa sababbi. Amma falalar tana tafe da sharaɗi. Abin da ke danne su shi ne kan injin, wanda a ke kira tof. Da zarar an ɗauke tof, in aka juya karanshaf ba a danne silif da wasa da noti ba, sai fistin ya tura ta bisa, abin da ya toshe gindinta ya ɓaci, ruwa da laka su gangara cikin kwanon mai. Shi kansa tof ba a fizge shi sama, a kan kwance notinsa daga gefe zuwa tsakiya, a girgiza shi har ya saki. Ba a kuma cusa masa kurfi a ƙarƙashi, don alminiyam ne, in ya yi rauni gasket ba zai ƙara riƙewa ba.

Da aka buɗe, silinda ta huɗu ta yi ja wur, tsatsa ta ci bangonta har farce yana maƙalewa. Tsoho bai tsaya dukanta a cikin bulok ba. Ya kwance konrod ta ƙasa, ya turo silif da fistin tare, ya kai su kan benci. Ya kwarara wa silif tafasasshen ruwa ta waje don ta ɗan buɗa, ya ɗora guntun itace mai tauri a kan fistin, ya buga da guduma. A bugu na biyar ya sauka. Ƙarfe ba ya taɓa kan fistin, sai itace.

Kafin ya kwance sauran, ya yi wa kowane murfin konrod da na karanshaf alama. Kowanne an gyare shi ne tare da abokinsa, in aka musanya ko aka juya fuskarsa, sabon metal ba zai yi mako ba.

Lissafi kafin sayayya

Sai da kome ya bazu a kan tabarma sa'an nan aka zauna lissafi, haka kuwa ya kamata. Wanda ya sayi kaya kafin a buɗe inji, ya sayi abin da bai sani ba. Abin da a ke dubawa da fari shi ne bulok. In ya tsage, ko mazaunin silif ya rube, to, a haƙura a nemi wani injin. In lafiya ya ke, sai manomi ya auna kuɗin kaya da ladan bakanike a gefe guda, a ɗaya gefen kuwa abin da ya ke biya na haya a shekara, da abin da dillali ya ke ci a kan kowane buhu. Kada ya manta da birki da tayoyi da batir, don motar da ta yi damina shida ba inji kaɗai ya lalace ba. Akwai motar da lissafinta ba ya fita, wadda gindinta ya rube har ana hango ƙasa. Irin wannan gara a sayar da ita.

Na manomin nan ya fita. Bulok garau. Karanshaf da aka gwada da ma'auni ya ɗan ci, aka kai shi birni aka wasa shi, aka sayo metal mai kauri daidai da abin da aka rage. Aka sayo silif huɗu da fistin da ringinsu a haɗe, da gasket, da sarƙar taimin. Kayan tsofaffin motoci a kan neme su a irin Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Sai dai a je da tsohon a hannu a gwada, a kuma je da bakanike, don jabu ya yi yawa, kwali mai kyau ba shi ne ƙarfe mai kyau ba. Manomi ya so a canja silif guda kawai a bar ukun. Tsoho ya ce, "Alhaji, saniya guda mai ƙarfi da rarrauna a garma ɗaya, ka san yadda kunya ta ke fita." Aka canja huɗun.

Haɗawa kuwa ba a tsakar gida aka yi ta ba. An share wani zaure, an yayyafa ruwa a ƙasa, an rufe ƙofa. Yashi ƙwaya guda cikin metal ya isa ya tsaga karanshaf. Abin baƙin ciki ne a ga bakanike yana haɗa inji a bakin titi da hunturu, yana ajiye fistin a ƙasa, sa'an nan in ya buga bayan wata biyu a ce kayan ne ba su da kyau. An wanke bulok da kananzir, sa'an nan da sabulu da ruwan zafi, aka bi duk hanyoyin mai da waya, aka hura da famfon taya. A kan goga farin ƙyalle, in ya fito da baƙi a sāke wankewa.

Awo biyu ne ba a yi musu ganganci. Na farko, kowace silif in ta zauna lalle bakinta ya ɗara fuskar bulok da ɗan kaɗan, kimanin kaurin silin gashi, kuma huɗun su yi daidai da juna. Wannan ɗan tudun ne tof ya ke dannewa. In babu shi ruwa zai sami hanya. Na biyu, a kan sa kowane ringi cikin silif shi kaɗai a auna tsakanin bakinsa biyu. A inji mai wannan faɗi kusan sulusin milimita a ke so. In ya yi kaɗan, da zafi ya taso sai bakin biyu su haɗu, ringi ya kama bango, sabon inji ya buga a ranarsa ta fari. Bakunan ringi kuma ba a jera su a layi ɗaya. An wasa bawul a mazauninsu, aka gwada da kananzir, ba wanda ya yoyo. Kowane metal da fistin sai da aka shafa masa sabon mai kafin ya shiga, kowane murfi in an ɗaure a kan juya karanshaf da hannu a ji. Notin tof daga tsakiya a ke fara ɗaure su zuwa gefe, da sifana mai awo. Mai cewa hannunsa ya san awo, a tambaye shi gasket nawa ya ƙone.

An wanke lagireto, an canja robobin ruwa, an zubar da tsohon fetur da ya zama kamar ƙaro a tanki. A matatar iska aka tarar ɓera ya tara dawa mudu guda.

Ranar tayarwa unguwa ta cika. Tsoho bai sa fulogi ba tukuna. Ya yi ta juya inji da sitata har jar wutar mai ta mutu, alamar mai ya kai ko'ina. Sa'an nan ya ɗaura fulogi ya murɗa. Ta yi tari sau biyu, ta kama. Hayaƙi ya turnuƙe, ginin zanzaro ya yi tsalle daga salansa, yara suka watse. Ya bar ta tana aiki, idonsa a kan wutar mai da allurar zafi, yana leƙa ƙasa ko akwai ɗigo.

Saura mako uku a karya masara. Tsoho ya kafa doka: kilomita 1,000 na fari ba gudu, ba cikakken kaya, ba hawan tudu da babbar giya. Bayan nan a juye mai, a sāke ɗaure tof inji na sanyi, a gyara tsakanin bawul. Manomi ya yi ta zirga-zirga zuwa kasuwannin kusa da buhu uku ko huɗu, na maƙwabta ma yana ɗauka, har awon ya cika. Ko bayan nan an gargaɗe shi, ba a yi motar don abin da ya wuce tan guda ba, watau buhu 10 na masara, ko da ya ke an saba ganin ana ɗora mata ninkin haka.

Da za su rabu, manomi ya tambaya yadda zai yi in aikin kaka da na tumatirin rani sun wuce, motar za ta zauna. Tsoho ya ce ya ajiye ta a ƙarƙashin rumfa, ya cire fulogi ya zuba cokali guda na baƙin mai a kowace silinda, ya juya inji ya mai da fulogi. Ya toshe salansa da bakin matatar iska da tsumma mai mai. Ya cire kan batir. Sau ɗaya a wata kuma ya cire tsumman ya ta da ita, ya yi tafiya da ita har ta yi zafi sosai. Tayarwar minti biyu a tsaye ruwa ta ke tarawa cikin salansa da kwanon mai, gara ma a bar ta.